Alkyabbar Sarkin Wasa

Mijina ya yi sarauta sau ɗaya a duniya, a cikin fim. Ainihin sana'arsa lambu ce a bakin tabkin Madarumfa, albasa da tumatir da zogale. Amma Allah ya ba shi tsayi da tumbi da fuskar da ba ta dariya, sai samarin da ke shirya finafinan barkwanci suka ce ai ga sarkinsu na zamanin da. Ni na ɗinka masa alkyabbar da labulen ɗakina na aure, ja mai nauyi, na bi bakinta da zare ruwan zinariya.

Labarin fim ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne. Kaura da Galadima ne ke rigimar wanda zai zauna dama da sarki, wannan ya kai gulmar wancan, wancan ya zuba wa wannan barkono a rawani. Sarki kuwa ba ya magana da kowa baki da baki. Sai ya yi raɗa, wani bafade ya faɗa da ƙarfi, kuma kullum a karkace. Wanda ya fito a Kaura mahauci ne a kasuwarmu, gajere kamar turmi. Galadiman direba ne a hanyar Ɗan Issa, bakinsa ba ya hutawa. Tun daga fim ɗin sunayensu na yanka suka ɓace, har matansu da sarautar suke kiransu.

Ana shirin kashi na biyu ciwo ya kwantar da mijina, bayan girbin gero ya rasu. Ban yi kuka ba. Mata suna ta kallona suna jira, ni ma ina jira. Na shiga takaba kamar wadda aka aika: in an ce ci in ci, in an ce kwanta in kwanta. Tufafinsa duka aka wanke aka yi sadaka da su, sai alkyabbar, don ba wanda zai yafa labule ya tafi masallaci. Tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Bayan sadakar arba'in Kaura ya zo. Mai takaba ba ta fita zaure hira da maza, don haka yayar mijina ce ke kai da komowa tsakaninmu. Ta shigo ta ce ya yi addu'a mai tsawo, sannan wai marigayi ya taɓa ce masa shi ne magajinsa, a taimaka masa da alkyabba. Ashe masu fim sun gaji da raba shi faɗa da Galadima kan sarautar, sun ce duk wanda ya zo da ita shi ne sabon sarki. Washegari Galadima ya iso da kankana, shi ma wai an yi masa wannan alkawari, kuma in aka ba mahauci, kitse kawai zai shafa mata.

Haka suka yi ta sintiri. Ina ɗaki ina magana ƙasa-ƙasa, Yaya tana fita ta faɗa da ƙarfi, kuma na san tana ƙara nata gishiri. Na lura fim ɗin ne ake maimaitawa a gidana, ni ce sarkin. Lura kawai na yi, bai ba ni dariya ba, bai ba ni haushi ba.

Yaya ce ta fara gajiya. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ke, alkyabbar nan kaɗai ta rage miki cikin kayan ƙanena. In kina son abinki ki hwaɗi, yanzu in kore su."

Na dubi alkyabbar. Labule na gani. Na ce, "Wa ke zaure?"

"Kaura."

"Kai mishi."

Ta sauke ta daga ƙusar.

Na fita takaba, na koma kan keken ɗinkina. Wata rana da hantsi maƙwabciyata ta shigo da waya, wai kashi na biyu ya fito, in kalla ko na ɗan sake. Na karɓa don kada in gwale ta. Ga fada a gindin wata tsamiya a bakin tabki, ga Galadima a gefe yana cika yana batsewa, ga Kaura ya fito a sarki. Alkyabbar ta yi masa yawa, don da tsayin mijina na auna ta. Yana tafiya tana jan ƙasa tana kwasar taɓo, ya taka bakinta ya yi tuntuɓe, fadawa suna ta yi masa sannu. Maƙwabciyata tana dariya har da riƙe ciki.

Mijina bai taɓa barin ta taɓa ƙasa ba. Ko ana cikin ɗaukar fim sai ya tattare bakinta a hannu, in an yi masa magana ya ce labulen amaryarsa ne. Ban tuna da wannan ba ranar da ake tambayata, sai yanzu.

Sai na ji bakina yana ce wa wayar, "Ɗage ta mana, ka san bai so."

Maƙwabciyata ta daina dariya. Na waiwaya bayan ƙofa, ƙusar tana nan ba komai a jikinta. A nan kukan ya zo, lokacin da masu zaman makoki duk sun daɗe da komawa gidajensu.