Abin da ke ƙarƙashin ɗankwalin Ladi

Har gobe ban manta da ranar da aka shigo mana da Ladi ba, a wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyar Yangoji, inda na yi aikin jinya kafin a dawo da ni cikin gari. Damina ce, wajen ƙarfe goma na safe. Mijinta, wani manomi mai suna Danjuma, shi ya goyo ta a babur, yawu na dalala daga bakinta, zufa ta jiƙe ta sharkaf.

Likita ɗaya gare mu, Dokta Bashir, matashi mai bautar ƙasa. Ya buɗe idonta, baƙin tsakiyar ya tsuke kamar kan allura. Bugun zuciya ya yi ƙasa sosai, ƙirji kuwa sai kurkur yake saboda ruwa.

"Maganin feshi ne," in ji shi. "Oga, ta je gona?"

"Likita, matana bai je gona ba," in ji Danjuma da Hausarsa ta ɗan koyo. "Ni ne nake feshi. Shi ko kwalban bai taɓa ba."

Bari in yi wa ƙannena sababbin shiga aikin jinya bayani, don ni ma a ranar na fahimci abin da na haddace a makaranta. Akwai jijiyoyin da ke aiki ba tare da neman izininmu ba. Su ke kula da bugun zuciya, yawu, zufa, hanji da buɗewar ido. Kashi biyu ne, kamar totur da birki. Ɓangaren birki yana aika saƙo cewa zuciya ta sassauta, yawu ya zubo, ido ya tsuke, kuma da saƙon ya isa sai wani sinadari ya share shi. Wannan sinadari mai sharar, shi gubar feshi ke kamawa. Sai saƙo ya yi ta taruwa, jiki ya yi ta tatsar ruwa har mutum ya shaƙe da ruwan ƙirjinsa. Allurar atrofin da muke yi tana tare ƙofar da saƙon ke shiga ne kawai. Ba ta fitar da gubar.

Ka'ida ita ce a cire kayan jikin mai jinya a wanke shi. Na ja labule, na canja mata zane da riga, na wanke ta da sabulu. Ɗankwalinta kuwa na bar mata shi daram. Matar aure ce, ga likita namiji, ga maza a bakin ƙofa, ko a raina ban kawo tuɓe mata kai ba.

Muka fara allura, muna ƙarawa muna sauraren ƙirji. Kafin azahar ƙirji ya bushe, zuciya ta tashi, har Ladi ta kira sunan mijinta. Na ce alhamdulillahi. Ba a yi awa biyu ba yawu ya dawo. Muka ƙara, ta farfaɗo, ta sake komawa. Atrofin ɗinmu ya kusa ƙarewa, kuma in ya ƙare ƙirjin ya cika, Ladi ba za ta kai babban asibiti da rai ba.

Ni dai Allah ya yi ni da bin diddigi, tun ina yarinya ake ce mini uwar tambaya. Tsoro na ji sosai, amma tambaya ta fi tsoron damuna. Guba takan daɗe a jiki, na sani, amma wannan kamar ana ƙara mata ne. Ta ina?

Ina cikin wannan tunani sai na ji damtsena na hagu yana ɗan rawa. Na duba. Wani wuri kamar faɗin tafin hannu ya yi zufa, sauran hannun a bushe ƙayau. Na nuna wa likita.

"Dokta, ka taɓa ganin zufa ta zaɓi unguwa?"

"Sista, wasa kike yi a wannan hali?"

"Ba wasa ba ne. Nan nake tallafe kanta in ina zuƙe mata yawu. Safar hannu ba ta kai nan ba."

Ya dube ni, ya dubi ɗankwalin, sai ya juya baya da kansa. Na kwance ɗankwalin. Wari ya buge ni, kamar kananzir da tafarnuwa. Kitsonta ya sha mai yana ƙyalli, an kuma rufe shi da leda a ƙarƙashin ɗankwalin. Tun safe muna kwashe ruwa, ashe famfon a buɗe yake.

Na nemi izinin Danjuma. Ya ce, "Sista, aske shi duka, gashi zai fito." Na sa almakashi, na wanke kan sau uku, na wanke hannuna. Daga nan sauƙin ya zauna, muka samu muka tura ta babban asibiti tana numfashi da kanta.

Kafin a sa ta a mota na tambaye ta. Da ƙyar ta ce ƙwarƙwata ce ta addabi gidan. Wata maƙwabciya ta ce a kwaɓa maganin feshi da man kaɗanya, a shafa, a ɗaure ya kwana. Kunya ta hana ta gaya wa mijinta.

"Ya ƙare?" na ce.

"Saura na yara. Na gwada a kaina tukun. Yana cikin gwangwani a kan taga."

'Ya'ya mata biyu gare su, kuma lokacin an tashi daga makaranta. Nan take na gaya wa mijin. Ban taɓa ganin mutum ya tayar da babur da sauri irin na Danjuma ba. Ya tarar da gwangwanin a rufe, ya kawo mini shi a leda.

Abin da na koya shi ne allura tana sayen lokaci ne kawai, neman ƙofar da guba ke shiga aikinmu ne. Mutanenmu kuma ba ƙarya suke mana ba, abin da suka sani suke faɗa. Kunyar da ta rufe bakin Ladi ita ta riƙe hannuna. Shi ya sa in kun ga na ja labule na ce wa mace, "Yi haƙuri, Mama, zan ga kanki," kada ku ce Sista ta cika bincike.