Ranar da Na Ƙi Ja da Baya a Lungun Gyaɗi-Gyaɗi

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba na jin zan manta da wata Asabar da na shafe kusan awa biyu a cikin mota a wani lungu na Gyaɗi-Gyaɗi, ba gaba ba baya. Shekara bakwai ke nan, amma har yau in na bi ta wurin sai na ɗan sunkuyar da kai.

Ni mai sayar da yadi ne, kuma a lokacin sati uku ke nan da na sayi motata ta farko. Wani direba ya koya mini tuƙi a filin ƙwallo, na iya tafiya gaba, na iya shan kwana. Da muka zo kan ribas sai na sallame shi, na ce sauran zan ƙarasa da kaina, domin na gaji da tsawar da yake mini a gaban mutane. Gaskiyar magana ban iya ba sam. In na murɗa sitiyari nan, bayan motar ya nufi can. Saboda haka kullum a waje nake ajiye ta, inda zan fita da gaba, kuma ko matata ba ta san dalili ba.

A ranar 'yata ta fari, mai shekara goma sha biyu, za ta karɓi kyauta a makarantarsu da ke Tarauni, ita ta zo ta ɗaya a lissafi. Ita da mahaifiyarta suka riga ni fita a adaidaita. Tana bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Abba, ƙarfe sha ɗaya za a kira sunana. Kar ka makara." Na ce mata ni da nake da mota, ina ni ina makara.

Goma da 'yan mintoci na fito cikin farar babbar riga. Don in yanke hanya sai na shiga wani lungu mai kwata hagu da dama, wanda mota ɗaya kawai yake ɗauka. Ban yi nisa ba sai ga wata tsohuwar mota ruwan toka tana tahowa, muka tsaya hanci da hanci. Mai motar na san shi, wani dattijo ne ɗan Kudancin Kaduna, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya fi shekara talatin a unguwar, kowa Baba yake ce masa. Ba a san shi da rigima ba. Bisa ƙa'ida ni ya kamata in koma, don tsawon mota huɗu kawai ke tsakanina da bakin lungu, shi kuwa ya kusa cinye shi. Na leƙo ta taga na gaishe shi, na ce don Allah ya ɗan ja baya.

"Alhaji, ai kai ka fi kusa da bakin lungu," in ji shi.

Na ce, "Sauri nake yi, Baba."

"Ni kuwa na yi ritaya," ya ce. Ya kashe mota, ya ɗauko jarida ya buɗe.

Ni ma na kashe tawa, na naɗe hannu a ƙirji.

'Yan adaidaita suka taru a bayanmu suna ta danna hon, da suka gaji suka sauko suka tura kekunansu suka sake hanya. Masu tafiya a ƙasa suna raɓawa ta gefen kwata suna kallonmu. Telan da shagonsa ke wurin ya fito da benci, nan da nan ya cika. Mai rake ya kafa baronsa a jikin bango, daga baya ya ce bai taɓa ciniki irin na ranar ba. Wata tsohuwa ta leƙo daga gida ta tambaye ni ko za mu daɗe, don tana da barkonon da take so ta shanya a saman motata.

Telan ne ya fara cewa wannan girman kai ne na mai sabuwar mota. Na ce masa ba girman kai ba ne, mutuncina nake karewa. Ashe a kan bencin akwai wani tsohon malamin Hausa, sai ya ɗaga hannu kamar yana aji, ya ce a dakata, kalmomin nan ba ɗaya ba ne. Ya ce in mutum ya ji daɗin wani alheri da ya samu, ko nasa ya samu, wannan alfahari ne. In ya riƙa nuna wa mutane abin don su gani, ya shiga taƙama. Girman kai kuwa shi ne ka ga gaskiya ka ƙi ta, don kana ganin wanda ya zo da ita bai kai ka ba. Mutunci kuma, in ji shi, mutane ne ke ba ka shi, ba a ƙwatar sa a tsakiyar lungu. Mai rake ya ce shi a ganinsa duk ba ko ɗaya, taurin kai ne kawai, don jakin garinsu ma yakan tsaya haka a kan gada, kuma ba wanda ya taɓa cewa yana da girman kai. Wani ya ce a'a, izza ce. Musu ya kaure, har aka manta da mu.

Abin da ya fi ba ni mamaki yanzu shi ne ni ma na shiga musun. Ina zaune gumi ya jiƙa mini riga, ina miƙo kai ta taga ina kafa hujja kan bambancin mutunci da jin kai. Sau uku matata ta kira, sau uku ina ce mata ina kan hanya. A kan hanyar nake, ban yi ƙarya ba. Na duba agogo na ga sha ɗaya saura kwata, amma tunanin in sa ribas a gaban wannan taron ya fi makarar tsorata ni. Baba kuwa ya gama jaridar, ya koma shafin farko.

Wajen sha biyu saura sai ga matar Baba ta dawo daga taron mata na cocinsu, da jaka a hannu. Ta kutsa cikin mutane, ta dube shi, ta tambayi abin da yake yi a nan. Aka yi mata bayani, malamin Hausa har da ƙarin fashin baƙi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Wannan motar ai tun damina ba ta komawa baya. Giyar ta mutu. Sau nawa na ce ka kai ta gareji?"

Lungu ya ɗauki dariya. Baba ya ninke jaridarsa a hankali, bai ɗago kai ba. Ni na fi kowa dariya, har da buga sitiyari. Ina cikin yi na lura wurin ya yi tsit, kuma duk ido ya dawo kaina. Tela ya ce to tunda ta Baba ba ta iyawa, sai Alhaji ya taimaka.

Allah ya ba ni dama ta ƙarshe, na watsar. Wani direban adaidaita ya matso ya ce a hankali in ba shi makulli ya fitar mini da ita. Na ce masa mota tawa ce. Na tayar, na sa ribas, na kalli madubi ban gane komai ba. Motar ta fara karkata, mutane suna cewa hagu, wasu suna cewa dama. Na kai ƙafa zan taka birki na taka totur. Tayar baya ta faɗa kwata, gaban motar ya ɗaga, ni kuma da na buɗe ƙofa don in fito sai na zurma cikin kwatar, har gwiwa.

Baba ne ya fara miƙo mini hannu. Mutanen benci suka haɗu suka ciccibo motar, suka tura ta bakin lungu da fasasshiyar taya. Da Baba ya ji inda za ni, sai ya buɗe mini ƙofar motarsa.

Muka fita daga lungun, muka zaga ta babban titi. Na ce, "Baba, ban iya ribas ba."

Ya ce, "Na gani." Can kuma ya ƙara da cewa, "Ni da kai kunya ce ta kama mu da farko. Da muka ƙi faɗa, sai ta koma girman kai. Na ga kana duba agogo, na san akwai inda ake jiran ka, amma na ci gaba da karanta jarida. Ka yafe mini."

Ni kuwa laifina ya ninka nasa sau biyu. Ya ajiye ni nesa kaɗan da ƙofar makarantar, inda zai iya wucewa gaba ba sai ya juya ba.

Na tarar ana tattara kujeru. 'Yata tana zaune kusa da mahaifiyarta a ƙarƙashin rumfa, ta rungume littattafan da aka ba ta da takardar yabo. Mahaifiyarta ta ce da aka kira sunanta, ta tsaya a kan dandamali tana duba cikin mutane, har sai da malama ta taɓa kafaɗarta. Suka dubi rigata, farin ya koma baƙi daga gwiwa zuwa ƙasa, ga wari. Na yi niyyar in ce cunkoso ne, amma na gaji. Na zauna na faɗa musu komai, har da direban da na sallama.

Yarinyar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta ce, "Abba, ai da ka ba wani makullin, ka hau adaidaita."

Wallahi a awa biyun nan wannan bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya.

Ranar ce Allah ya ba ni abin alfahari na gaske, 'yata a gaban jama'a ana tafa mata, ni kuma ina can ina gadin abin da nake kira mutunci. Mutanen lungun ba wanda zai raina ni don ban iya ribas ba, yawancinsu ko keke ba su da shi. Abin da na koya shi ne, in na ji ina kare kaina da zafi haka, in tsaya in tambayi kaina mene ne nake ɓoyewa. Sau da yawa ba ya wuce kalma uku, ban iya ba, kuma tun daga ranar na ga faɗin su bai taɓa rage ni da komai ba.