Jinin da Tas Ta Wanke

Bango ɗaya ya raba shagona da nata. Ni kitso nake yi, ita wanki da guga, kuma bangon ba shi da kauri, in ta yi atishawa ni ke ce mata sannu. Duk layinmu Tas ake kiranta, saboda in ka kai mata farar rigar da ta sha miya da gumi, haka za ta dawo maka da ita tas, ka rasa inda tabon ya taɓa zama. Ni kuma ita ta laƙaba mini Rediyo, wai ba na yin shiru sai batir ya ƙare. Ban musa ba.

Doka ɗaya gare ta a sana'a: tabo ba ya kwana. Mai yana da maganinsa, tawada tana da nata, amma jini, in ji ta, ba ya son jira kuma ba ya son ruwan zafi. Ruwan sanyi da ɗan gishiri, nan take, tun bai bushe ba. Har mahauta daga bakin kasuwa suke aiko mata da rigunansu. Wannan doka ita ta ciyar da ita, ita ce kuma ta kusa kai ta kabari a kan idonmu, muna tsaye muna yaba mata tsafta.

Cikinta na farko ya yi ƙwari har ya fara motsi, sannan ya zube. A shago abin ya same ta, da rana tsaka. Na ji guga ta tsaya, na ji famfo yana ta zuba ba a kashe ba. Da na leƙa sai na tarar da ita durƙushe gaban baho tana cuɗa zaninta, haƙoranta suna kaɗawa. Ba ta kira ni ba, wai kar a gani. Muka kwashe ta sai asibiti, aka yi mata wankin ciki, ta fito ba komai a hannunta sai ledar magani. Mijinta direban motar haya ne, mutum mai sanyin hali, irin wanda ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Ya yi ta cewa Allah zai ba da wani. Ta koma kan dutsen guga tun kafin jikinta ya koma daidai.

Da ta sake samun ciki, ba ta gaya wa kowa ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga shi ni idona ba ya barci. Na ga ta daina ɗaga bokiti cike, na ga tana guga a zaune, na ga tana zarya banɗaki kamar mai gudawa. Ba fitsari ke kai ta ba, dubawa take yi ko ta ga ja. In cikin ya yi shiru bai motsa ba, sai ta ajiye aiki, ta sha ruwan sanyi, ta dafe cikin da hannu biyu tana jira, fuskar nan ba annuri. In ya shure ta sai ta ɗauki guga kamar ba a yi komai ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ko safa ɗaya ba ta saya wa jaririn ba. Na taɓa kawo mata wata 'yar hula mai kyau da na gani a kasuwa, ta kalle ta kamar na miƙo mata kunama.

"Ki ajiye a wurinki," ta ce. "In ya zo ya saka."

"In ya zo? Ina za shi?"

Ta yi mini wani kallo da ya sa Rediyo ta mutu ba tare da batir ya ƙare ba.

Naƙuda ta kama ta da hantsi. Mahaifiyarta, wadda duk muke kira Mama, ta riga ta zo zama da ita, don haka mu uku muka raka ta: ni da Mama da mijinta Direba. Haihuwar ta ja lokaci, ta sha wuya, amma ba ta yi ihu ba. Abu ɗaya take ta tambayar nas ɗin da ke kanta: "Kina jin bugun zuciyarsa? Ki sake saurarawa." Da la'asar ta haifi mace, 'yar ƙarama, ta fito ta ɗan yi jim kafin ta tsala kuka. Wannan ɗan jim ɗin, ina jin Tas ba ta fita daga cikinsa ba har muka bar asibitin.

Ranar sallama nas ta tsayar da mu a bakin gado, ta yi mana bayani dalla-dalla. Jini zai zuba, ta ce, amma kullum raguwa zai riƙa yi. In ya ragu ya dawo ja wur, ko yana fita guda-guda, ko yana wari, ko mai jego ta ji zazzaɓi da jiri, a dawo da ita a lokacin, kar a ce sai gobe. Duk muka ce to. Amma wallahi ba wanda ya kalli nas ɗin a cikinmu. Idonmu yana kan 'yar tsanar da ke naɗe cikin tawul, har da ita uwar.

A gida Tas ta zama mai gadi. Ba ta yarda kowa ya ɗauki yarinyar ya wuce bakin ƙofa. In yarinyar ta yi barci sai ta kara ɗan yatsa a hancinta, ta cire, ta sake karawa. Ita kanta ba ta barci, ba ta cin na kirki. Mama ba sakarya ba ce, ta haifi nata ta yi jinyar na wasu, kullum safe sai ta duba zanin gado da kayan da 'yarta ta cire. Kullum fari fat take samu.

"Jikinta mai kyau ne," Mama ta gaya mini tana murna. "Jinin ya ɗauke da wuri. Abu ɗaya ke damuna, na hana ta wanki ta ƙi. Kin san halinta."

Na ɗaga kai na ga igiyar shanya cike da zannuwa da tawul da tsummokara, an jera su reras, ko ɗigo babu. Na yi dariya na ce mai hali ba ya fasa halinsa.

Cikin sati na biyu na rufe shago da azahar na je in yi mata kitso, don kan ya cukurkuɗe. Ta ninke wani tawul mai kauri ta zauna a kai, tsakanin gwiwoyina, yarinyar a cinyarta. Ina sa yatsuna cikin gashinta na ji fatar kan zafi rau. Na tsaga layin farko, na ga wuyanta ya jiƙe da gumi alhali fanka tana juyawa. Sannan wani wari ya bugo ni ta ƙarƙashin ƙamshin sabulu.

"Ke, lafiyarki kuwa?"

"Rashin barci ne. Yi aikinki."

Ban kai rabin kai ba ta ce in dakata. Ta kwantar da yarinyar a gado, ta dafa bango ta miƙe, ta dunƙule tawul ɗin da ta zauna a kai ta shige banɗaki da shi. Sai na ji famfo yana ta zuba ba a kashe ba. Na san wannan ƙarar.

Ban yi sallama ba na banka ƙofar. Tana durƙushe, ga ƙullin gishiri a gefe, ga baho ja wur, da gudaje a ciki kamar an yayyanka hanta. Leɓenta ya yi fari.

"Tun yaushe?"

"Ki rage murya, Mama za ta ji."

"Na ce tun yaushe?"

"Ya ɗauke ne sai ya dawo. Jinin haihuwa ne, kowa na yi."

"Kowa na cika baho? Tashi mu tafi asibiti."

Ta ci gaba da cuɗa tawul ɗin, ko kallona ba ta yi ba. "Rediyo, na taɓa shiga asibitin nan da jini, kin ga abin da na fito da shi. Wannan karon Allah ya taimake ni na fito da ita a hannuna. Ba zan koma ba. In suka kwantar da ni suka yi min allurar barci, wa zai duba numfashinta? Mama da ke gyangyaɗi a zaune? Ko ke da surutu zai ɗauke miki hankali?"

Tausayinta ya kama ni, haushinta ya fi kama ni. Na ƙwala wa Mama kira, na buga wa Direba waya na ce ko shugaban ƙasa ya ɗauko ya sauke shi ya zo. Mama ta ga bahon ta ɗora hannu a ka tana salati. Kafin Direba ya iso, Tas ta rarrafa ta koma gado, ta kwanta ta rungume yarinyar da hannu ɗaya. Ya durƙusa gabanta yana lallashi, yana haɗa ta da Allah da Annabi. Ta juya masa baya. Mama ta yi kuka, ta yi faɗa, ta koma roƙo. Ni kuwa ina kallon zanin da ke ƙarƙashinta yana rinewa a hankali.

Sai Direba ya juyo gare ni, ido ya yi ja. "To ko mu ƙyale ta ta huta, in ya so gobe da safe..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na sunkuya na zare yarinyar daga hannun uwarta. Ban sha wuya ba, hannun ba ƙarfi a cikinsa, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

"Yarinya dai asibiti za ta," na ce. "Mai son ta ya biyo ta."

Na fice, na buɗe motar Direba na zauna a baya. Ihun da Tas ta yi, ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba, kuma ba na fatan in sake ji. Maƙwabta suka firfito. Can sai ga ta a bakin ƙofa ba takalmi, kitso rabi a tsefe, tana dafa bango, Mama da mijinta suna tallafe da ita, jini yana bin ƙafarta. Tana tafe tana tsine mini. Ta kira ni ɓarauniya, ta kira ni mayya, ta ce Allah ya isa tsakanina da ita. Na ce na ji, shigo. Suka kwantar da ita a kujera, kanta a cinyar Mama. Ba ta iya ɗaukar yarinyar ba, sai ta miƙa hannu ta kama ƙafarta, ta riƙe har muka isa. Kafin mu shiga ƙofar asibiti tsinuwar ta koma raɗa, daga nan ta suma.

Nas ɗin da ta sallame mu ita muka tarar. Ana tura gadon tana jero mana tambayoyi: yaushe ya dawo, yaya yawansa, sau nawa take canza ƙunzugu a wuni? Likita yana son ya san abin da ta zubar don ya san abin da zai ƙara mata. Muka kalli juna.

"Wallahi 'yar nan," Mama ta ce, "ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban taɓa ganin ko ɗigo ba."

Aka rufe mana ƙofa. Aka ɗebi jinin Direba, aka ɗebi nawa, na dawo na karɓi yarinyar daga hannun Mama. Yunwa ta tashe ta, ta dinga kuka tana laluben ƙirjina, ni kuma ba abin da zan ba ta. Na yi ta zagaye barandar da ita. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai in karanci fuskarsa tun kafin ya buɗe baki. Abin da ke cina shi ne, in ba ta tashi ba, abin da za ta tafi da shi a ranta shi ne ni ina gudu da 'yarta.

Rana ta kusa faɗuwa likita ya fito. Guntun mabiyiya ne ya maƙale a mahaifa, ya ce, shi ke sa zubar jinin, har ya fara jawo ciwo. Sun cire, suna ƙara mata jini, za ta tashi in Allah ya so. Da an kai gobe, ya ce, sai ya girgiza kai. Direba ya sulale ya zauna a ƙasa.

Da ta farfaɗo ni na kwantar mata da yarinyar a gefenta. Ta shafa ta tun daga kai har ƙafa, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Na san kin cece ni," ta ce a hankali. "Amma da kika fita da ita na ga hannuna ba komai, sau biyu ke nan. Ki fita, don Allah."

Na fita.

Ta warke a hankali, da magani da hutu na dole, ta daɗe kafin ta iya tsayuwa kan guga ba jiri. Yanzu ta dawo shago, ta yi ƙiba, yarinyar har ta fara tatata. Muna gaisawa, tana wanke mini tawul ɗin aiki, ni nake yi mata kitso. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Sai dai duk ranar da na miƙa hannu zan ɗauki yarinyar, sai ta yi murmushi, ta mayar da ita ɗaya kwankwason.