Ƙofar Baya ta Hagu

Motata kirar Faransa ce, ta sha hannu kafin ta zo nawa. Abin ƙidayar kilomitanta ya daɗe da tsayawa, Allah kaɗai ya san iyakar tafiyar da ta yi. Abokan aikina a lakwal, makarantar da nake koyarwa, kan ce in sayar wa maƙera su yi tukwane, ni kuwa in ce wanda ba shi da ko jaki ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ban taɓa tayar da ita da safe ban ɗaga kapo, murfin injin, na duba ruwa da mai ba. Buji, wato fulogi, da kaina nake cirewa in goge da tsumma. Duk don Inna nake wannan wahala. Ciwon suga ya kama ta, ta kuma rantse ba ta barin ƙauyenmu da ke gaba da Tirmini, don haka kowace Talata sai in ɗauko ta zuwa asibiti a Damagaram in mayar da ita. Ran da motar ta kwanta, Inna ba ta ga likita ba.

Wata Litinin amalanken jaki ya matse ni a wani lungu cikin Birni, ya murƙushe ƙofar baya ta hagu, inda Inna ke zama. Makanikina, wani dattijo da ya san motar tun kafin in saye ta, ya samo wata a inda ake tara matattun motoci. Ƙofar fara, motata shuɗiya.

"Malam, a bar ta sai Juma'a," in ji shi. "Motar da aka cire ta daga jikinta an mutu a ciki. Mu a nan ba ma ɗaura irin wannan sai an wanke ta da ruwan gishiri, an yi sadakar ƙosai."

"Haba Baba! Ƙarfe ne fa. Gobe Talata, in ɗauko tsohuwa ba ƙofa?"

Ya dube ni, ya ɗauki sufana ya ɗaura. 

Washegari da hantsi muna dawowa daga ƙauye da Inna, daidai wata kwana mai bishiyar gawo, sai na ji ƙas! Ƙofar ta buɗe a hankali, kamar an tura ta daga ciki. Na take birki na waiwaya. Inna ba ta ko motsa ba. Ashe ta matsa tsakiyar kujera, ta tattare zanenta.

Na canza makulli, na sa mai, na daidaita ƙyauren. Talata ta zagayo, a gindin gawon nan ta sake buɗewa. A cikin gari kuwa sai ka ja da ƙarfi kafin ta yarda. Tsoro ya kama ni, wallahi, don in Inna ta jingina ranar da ta buɗe, shi ke nan. Na ɗaure ta da igiya. Muna isa wurin sai ga igiyar a kwance, ƙofa a buɗe.

"Ni na kwance," Inna ta ce. "Babana, ka riƙa tsayawa. Akwai mai sauka."

"Wa ke nan, Inna?"

"Wata baiwar Allah. Ba ta da surutu."

 Na yi sadakar ƙosan, na wanke ƙofar da gishiri har fenti ya dushe, amma dattijon ya ce bakin alƙalami ya bushe, tunda an riga an ɗaura. Na ce to a cire. Inna ta ce in na cire ba ta sake shiga motar. Haka na koma ina tsayawa gindin gawo da rana tsaka, ina kallon gaba, har ƙofar ta buɗe, Inna ta ce a sauka lafiya, in zagaya in rufe. Ba na duba kujerar.

Ana cikin damina jikinta ya yi tsanani. Na ɗauko ta a kwance, gero ya yi tsawo dama da hagu, hanya ba kowa. Tun a gida na naɗe ƙofar da waya, na murɗe da filaya, don ba ni da niyyar tsayawa. Da gawon ya bayyana sai na ji muryarta, tas, kamar ba maras lafiya ba.

"Tsaya, Babana. Yau tare za mu sauka."

"Ba inda za ki sauka, Inna! Likita na jiranki."

Na take mota. Tsohuwar motar nan ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. Muka wuce gawon, ƙofa ko ƙas ba ta ce ba. Murna ta kama ni. Na shiga yi wa Inna hira, ina ce mata bana gero zai yi kyau, ina tsokanarta cewa sai ta ci tuwon sabon hatsi da ni. Ba ta amsa ba, na ce barci ne.

A shingen shiga gari jandarman da ya saba ganinmu ya leƙo don ya gaishe ta. Ya daɗe yana duban kujerar baya. Sai ya cire hularsa, ya ce in kashe motar tukuna.