Ɓatan Baba a Garin Maraɗi

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, wasu ma sai an tuna mini nake cewa haka ne, an yi. Amma ɓatan da mahaifina ya yi a cikin garin Maraɗi wata damina, wannan kam ba zai fita daga raina ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido.

A lokacin ina aure a Sabon Gari, ina ɗinki a cikin gida. Baba kuwa yana Jiratawa tare da Inna da yayana. Manomi ne, a gonakin rani na can ya ƙarar da ƙarfinsa, amma asalinsa mutumin Tsibiri ne, da zanen Gobirawa raɗau a fuskarsa. Da tsufa ya kama shi sai ruɗewa ta shigo. Ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Ya dube ni ya tambaye ni ɗiyar wa ce. Abu biyu ne bai manta ba, salla da Tsibiri. Kullum maganarsa ita ce zai tafi gida, ƙanwarsa tana jiransa, alhali ƙanwar nan ta rasu tun ina goye.

Wata Asabar yayana ya kawo mini shi don in kai shi asibiti, shi kuma ya koma saboda aikin gona. Muka ga likita, aka rubuta magani. A ƙofar farmasi akwai wani benci a inuwa, na zaunar da shi na ce, "Baba, kada ka tashi, yanzu zan fito."

Ya ce, "Ina za ni, ɗiyata?"

Na tarar da mutane da yawa a ciki. Da na fito, babu kowa a kan bencin, sai takalminsa ƙafa ɗaya a ƙasa.

Da farko ban ji tsoro sosai ba. Na ce tsoho mai takalmi ɗaya ina zai kai? Na leƙa bayan shaguna, na tambayi mai shayi, na tambayi 'yan kabu-kabu da ke tsaye a bakin kwalta. Wannan ya ce ya ga wani tsoho ya yi gabas, wancan ya rantse yamma ya yi. Sai da na zaga wurin har na daina gane inda na riga na duba, sannan tsoro ya kama ni. Na kira maigidana, ina magana a ruɗe, sai da ya ce in nutsu in sake faɗa.

Ya zo da moto, wato babur, ya ɗauke ni. Muka je tasha, don tunanina duk ya tafi ga Tsibiri. Babu wanda ya gan shi. Muka je kwamisariya wurin 'yan sanda aka ɗauki bayaninmu, muka kai cigiya gidan rediyo. Yayana ya bar gona ya taho, ko wanka bai yi ba. Ban iya kallon idonsa ba.

Bayan la'asar hadari ya haɗu ta gabas, garin ya yi baƙi ƙirin. Aka sako ruwa irin wanda ke mai da titunan Maraɗi koramu. Muka fake a rumfar wani mai walda, ina kallon ruwa yana jan robobi da itace yana gangarawa wajen gulbi. Duk wanda ya san garin nan ya san abin da gulbi ke yi in ya kawo. Ni kuwa na san Baba, in ya sa a ransa gida za shi, ruwa ba zai tsayar da shi ba, don a tunaninsa har yanzu saurayi ne mai tsallake gulbi da kaya a ka. Ban faɗa wa kowa wannan ba. Na riƙe takalmin nan a hannu ina ta salati.

Muka kwana ba labari. Ban san ko na runtsa ba.

Da safiyar Lahadi wayar maigidana ta yi ƙara. Wani ne da ya ji cigiyarmu, ya ce an tsamo gawar wani dattijo a gulbi ta wajen hanyar Tsibiri, mu zo mu duba. Maigidana ya ce in zauna, su je shi da yayana. Na ce a hannuna ya ɓace, ni zan gani.

Ba zan iya kwatanta tafiyar nan ba. Da muka isa, mutane sun yi cincirindo a bakin ruwa, jandarmomi suna kora su baya. An rufe gawar da tabarma, ƙafafun ne kawai a waje, sun yi fari fat saboda ruwa, babu takalmi. Na tsaya ina duban ƙafafun nan ina ƙoƙarin tuna yadda na Baba suke, na kasa. Mutumin da na sha yanke wa farce da hannuna. Wani jandarma ya tambaya su wane ne masu cigiya, yayana ya matsa, na bi shi ina riƙe da gefen rigarsa kamar ƙaramar yarinya. Aka ɗaga tabarmar. Fuskar ba ta da zane. Ba shi ba ne.

Na durƙushe a cikin laka. Daɗi ya zo mini, sai kuma kunya ta biyo baya, don wannan ma uban wasu ne, kuma su nasu neman ya ƙare ke nan. Da muka juya sai wani tsoron ya maye gurbin na farko, don ruwan da ya ci wannan bai ƙoshi ba, yana nan yana tafiya, ja wur, yana jan rassan itace.

Har azahar ta wuce muna bin bakin gulbi muna tambayar masu lambu. Sai ga kiran Inna daga Jiratawa. Tana magana tana kuka, da ƙyar na tsinci abin da take cewa. Wai wasu mutum biyu sun zo a kan moto da hoton Baba a waya. Ta ce, "Yana da rai. Yana nan Maraɗi, unguwar Zariya, gidan wasu Kiristoci."

Ta ba ɗaya daga cikinsu wayar, ya yi mana kwatancen gidan, ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, ya ci abinci, ya yi barci."

Sai in faɗi gaskiya, hankalina bai kwanta ba. Ni ban taɓa shiga gidan Kirista ba a rayuwata. Tun muna yara ake ce mana kada mu ci nasu, kada mu sha ruwansu, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. A hanya yayana ya ce a hankali, "Allah ya sa dai ba su ba shi wani abu ba." Ni ma abin da ke raina ke nan.

Gidan ƙarami ne, na haya, a wani lungu da ruwa ya cinye. Muka yi sallama, wata mata ta amsa da Hausa tsantsa irin tamu. Muna shiga na hango Baba zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, sanye da wata shuɗiyar riga mai tsabta da ba tasa ba, an naɗe masa ƙafa ɗaya da bandeji, yana shan kunu. Na faɗa jikinsa ina kuka. Ya dube ni, ya dubi matar, ya ce mata, "Wagga baƙuwa mi ya same ta? Ba ta ruwa."

Ta ce, "To, Yaya." Ta kawo mini ruwa a moɗa, na shanye shi tas.

Ita ta ba mu labari. Ta girme ni kaɗan, malamar lakwal ce, wato makarantar boko, mijinta kuma kafinta. Ta ce jiya kafin hadari suka ji ihun ɓarawo a lungunsu. Ashe Baba ne ya ga rago ɗaure a ƙofar wani gida, ya kwance shi yana ja, a zatonsa nasa ne zai kai shi gida. Unguwar kuwa an sha yi musu satar dabbobi, ransu a ɓace yake. Kafin a ce me, matasa sun kewaye shi da sanduna da duwatsu. Suna tambayarsa daga ina yake, wa ya aiko shi, shi kuwa sai cewa yake ragonsa ne. Wani ya hankaɗe shi ya faɗi.

Ta ce mijinta ya fito da gudu daga wurin aikinsa, ya kutsa tsakiya, ya tsaya a kan Baba ya buɗe hannuwa, ya ce, "Babana ne. Ba shi da lafiya. Wanda zai buge shi ya fara da ni." Dutsen da aka riga aka jefo ya same shi a goshi. Ganin jini ne ya sa mutane suka ja baya, mai ragon ya kama abinsa, shi kuma ya ɗauki Baba a kafaɗa ya shigo da shi.

Tana cikin ba da labarin sai ga mijin ya dawo daga Jiratawa, laka har gwiwa, da filasta a goshi. Yayana ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu.

Sauran labarin a hankali ta faɗa mini, daga ni sai ita, a bakin murhu. Tsoro ya sa Baba ya ɓata jikinsa. Mijinta ne ya kai shi bayan gida ya yi masa wanka, ya sa masa rigarsa ta zuwa majami'a. Ita ta cire masa kwalbar da ta shige masa ƙafa. Baba yana ganinta ya kira ta da sunan ƙanwarsa, ya ce ashe ya iso gida. Ta ce, "Na ga in na ce ba ni ba ce zai tashi ya fita cikin ruwan nan, sai na amsa." Da aka kira magariba ya fara neman buta, suka aika wa maƙwabcinsu, wani dattijo Musulmi, ya zo da darduma ya tsaya kusa da shi suka yi salla tare. Haka aka yi da isha'i, haka da asuba. Ta nuna mini wani ɗan zane da gawayi a jikin bango, ta ce maƙwabcin ne ya yi musu don kada su kuskure alƙibla in ba ya nan.

Ba su da rediyo, ba su ji cigiyarmu ba. Baba kuma bai iya faɗin komai ba sai sunan ubansa da Tsibiri. Don haka da safe mijin ya tashi a majami'a ya nuna hoton Baba da ya ɗauka a waya, babu wanda ya san shi. Aka tashi daga sujada, shi da wani abokinsa suka hau moto sai Tsibiri, suna bin majalisar tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe wani tsoho ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Wanga ai ya daɗe da barin nan, Jiratawa ya koma da iyalinshi." Suka juyo, suka ratsa Maraɗi, suka yi kudu. Ashe lokacin da nake durƙushe a bakin gulbi, ta hanyar nan suka wuce.

Yayana ya tambaye shi, "Malam, ba ka san shi ba, ka ce babanka ne. Da sun kashe ka fa?"

Ya shafa goshinsa ya yi ɗan murmushi. "Ban tsaya tunani ba. Na ga furfura a ƙasa ne kawai. Mu abin da aka koya mana, baƙo in ya zo ƙofarka, Allah ne ya aiko shi."

Da za mu tafi sai rigima ta tashi, don Baba ya ce ba inda za shi, yana gidan ƙanwarsa. Sai da matar ta ɗauki mayafinta ta shiga motar da muka ɗauko, ta zauna kusa da shi tana riƙe da hannunsa har Jiratawa. Inna ta rungume ta a ƙofar gida kamar ta san ta tun haihuwa. Muka yi ƙoƙarin ba su wani abu, suka ƙi. Ko rigar ba su karɓa ba.

Baba ya ƙara damina biyu a duniya. A tsawon lokacin nan matar takan zo duba shi in an yi hutun lakwal, kuma duk ranar da ta zo yakan ci abinci sosai. Ni bai ƙara gane ni ba har ya bar duniya, amma ita yana jin sallamarta zai ɗaga kai. Da farko abin yakan sosa mini rai. Daga baya na gane cewa ita ce ta zo masa a ranar da ya fi kowace rana jin tsoro, zuciya kuwa tana riƙe abin da ƙwaƙwalwa ta saki. Ranar da ya rasu, mijinta yana cikin waɗanda suka zauna zaman makoki tare da yayana har aka share.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, na girma ina tsoron mutanen da ban taɓa zama da su ba, ban kuma san me nake tsoro ba. Ina nan a kan addinina, su ma suna kan nasu, ba wanda ya taɓa jan wani. Amma tun daga ranar na daina auna mutum da abin da aka ce mini a kansa. Ina auna shi da abin da zai yi in ya ga wanda bai sani ba kwance a ƙasa, jama'a sun kewaye shi da duwatsu a hannu.