Ranar da Labulen Teyatur Ya Ƙi Haɗuwa

Ni tela ne, kuma ɗinki ne ya kai ni teyatur, wato wasan kwaikwayo, ba sha'awa ba. A shekarun farko na 'yancin kai aka turo mana wani malamin lakwal, wato makarantar boko, nan Dogon Dutsi daga can ƙasashen bakin teku. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malaman lakwal. Mutum ne mai kirki da zafin nama, Hausarsa kuwa sai dai a yi haƙuri. Shi ya tara samarin gari ya ce za a riƙa wasan kwaikwayo don wayar da kan jama'a. Wata rana ya zo rumfata da yadi mai kauri ya ce labule yake so. Na ɗinka, na jera zobban ƙarfe a bakinsa na sama, na kai masa. Da ya ga ni kaɗai na gane yadda igiyar take tafiya, sai ya damƙa mini ita. Haka na zama mai labule, da matata da 'ya'yana biyu, abokaina na kasuwa suna ta yi mini tsiya.

Dandamalin ƙasa muka tayar a filin lakwal, tsayinsa ya kai ƙugu. Ba mu da fitila sai rana, don haka muka sa ya fuskanci yamma, yadda bayan la'asar haske zai bugi fuskar 'yan wasa, 'yan kallo kuma su ba shi baya. Baya da gefe biyu muka kafa zana, nan 'yan wasa suke fakewa kafin lokacin fitarsu. A gaba muka kafa dogayen itace biyu da waya miƙe a tsakaninsu, labule falle biyu yana gudu a kanta. Ka ja igiya ɗaya ya buɗe, ka ja ɗayar fallayen su taho su haɗu a tsakiya.

Bayan zanar nan aiki ne ba ƙarami ba, kuma ba wanda yake tafa wa mai yinsa. Kayan wasa a kan tabarma muke jera su bi da bi, wanda za a fara ɗauka shi ne a bakin hanya. Gemu na auduga ne da ƙaro, furfura toka ce. In ana son tsawa a girgiza fallen kwano, in ruwan sama ne a juya tsakuwa a faifai. Ni nake bin dandamali da toka ina yi wa kowa alamar inda zai tsaya, don ɗan wasa in ya ga taro mantawa yake da ƙafarsa. Kafin a fara, a buga taɓarya a ƙasa sau uku. Mushe kuma yana da dokokin da ya hana mu sakat da su: na baya ba a ganinsa, ba a jinsa, kome ya faru ba ya taka dandamali, labule kuma ba ya motsi sai shi ya ɗaga hannu. Mun sha su har sun zauna mana a jiki.

A ƙungiyar akwai taubashiyata, 'yar kawuna, daga wani ƙauye kusa da Matankari. Ita ce mace ta farko a danginmu da ta yi lakwal. An ɗauke ta tana koyar da ƙananan yara, ana jiran mai duba malamai ya tabbatar mata da aikin a ƙarshen shekara. Aikin nan shi ne ranta. Ba ma haɗuwa ba ta ce ɗinkina karkatacce ne ba, ni kuma in ce alli ya fara cinye mata yatsu.

Akwai abin da ni da ita muka sani, mutanen gari ba su sani ba. Kakarmu 'yar bori ce, wata iska da ake ce wa doguwa take hawanta. Da ta rasu, 'yan bori suka ce iskar ta zaɓi wannan jikar. Kawu ya riga ya kama salla, ya ce faufau, ya tura ta lakwal nesa da gida. Tun daga nan ba ta bi ta inda ake goge ba. Ta kuma san cewa a ofishin gwamnati ba a rubuta iska, ciwon kai ake rubutawa, malamar da take faɗuwa kuwa ba a barin ta gaban yara.

Sai ga Mushe da sabon wasa: wata mata ɗanta ba lafiya, ta kai shi wurin 'yar bori bai warke ba, ta kai shi likita ya warke. Taubashiyata kaɗai ce babbar mace a cikinmu bayan mai fitowa a uwar yaron, don haka ita ya ba 'yar borin. In ta ƙi sai ta faɗi dalili, dalilin kuwa shi take ɓoyewa. Sai muka yi dabara irin tamu. Na ɗinka mata kaya ja da ruwan ɗorawa, launin da ba ruwan doguwar kaka da shi, don ita baƙin saƙi take sawa. Goge kuma na ƙarya muka yi, gora da zare, wani saurayi yana yin kukan da bakinsa. Mun yi gwaji ya fi a ƙirga, ko gezau.

Saura kwana biyu a yi wasan ta same ni ina shafa wa zobba man gyaɗa. Ta tsaya har na ɗago.

"Kai tela, in ka ga hannuna na hagu shina rawa, ka ruhe. Kak ka jira Mushe, kak ka jira kowa."

Na ce ashe malama ma tana da abin tsoro. Ba ta yi dariya ba. Sai na ajiye man na rantse mata da Allah zan rufe.

Ranar wasan aka yi baƙi daga Doso da Yamai, ga kumandan, ga mai duba malamai. Manya a kan dandamalinmu suka zauna don jawabi, saboda haka labule a buɗe yake tun azahar. Ina nan tsaye wani gardi, dogarin kumandan, ya hau kujera ya ɗaure tutar ƙasa a kan wayata, daidai tsakiya, ƙulli ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan. Da idona na gani. Har cewa na yi a raina ta yi kyau. Ni da na san zobe ko ƙullin zare ya tarar sai ya tsaya, ranar kaina bai kawo mini ba. Jawabi ya ci lokaci, rana ta fara sunkuyawa. Manya na sauka Mushe ya ce ba sai an rufe an sake buɗewa ba, a buga taɓarya kawai a fara. Gwajin igiya da nake yi kullum kafin wasa, ranar ban yi shi ba.

Na zagaya bayan zana sai na ga wani tsoho zaune da gogen gaske a cinyarsa. Mushe ne ya ɗauko shi daga wajen Tibiri, bai gaya wa kowa ba, wai kada baƙi su yi mana dariyar gora da zare. Raina ya ɓaci, na gaya masa maganar da ban taɓa gaya wa ma'aikacin gwamnati ba. Ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya ce ai wasan ma don irin tsoron nan nawa aka shirya shi. Ba zan iya faɗa masa gaskiya ba, sirrin ba nawa ba ne. Na durƙusa gaban tsohon na roƙe shi ya yi kiɗan biki, kada ya taɓa na iskoki. Ya gyaɗa kai. Taubashiyata tana can ɗaya gefen, an riga an buga taɓarya, ba halin in ƙetara in gaya mata.

Da lokacinta ya yi ta fito ta tsaya a kan alamar tokar da na yi mata, a tsakiyar dandamali. Tsohon yana zaune a bakin zana inda yake ganinta. Ya fara da kiɗan biki kamar yadda ya yi alkawari. Ta juyo rana ta haske fuskarta, sai na ga ya ƙura mata ido. A hankali kiɗan ya sauya. Na san shi, da shi aka raine mu a gidan kaka. 

Hannunta na hagu ya fara rawa. Na dubi Mushe a ɗaya gefen, bakinsa har kunne, yana yi mini alamar in dakata. Ban dakata ba, wannan kam na cika. Na ja igiya da ƙarfina duka. Zobba suka taho da gudu daga dama da hagu, suka zo kan ƙullin tuta suka tsaya cak. Labule ya rufe ko'ina, ya bar ƙofa guda mai faɗin tutar, ita kuma tana tsaye a cikin ƙofar. Da ma kallon jama'a a warwatse yake, ni na tattara mata shi wuri ɗaya.

Na ja, na sake ja, waya ta lanƙwashe, itatuwan suka fara rangaji. Igiya ta yanke mini tafin hannu. Wayar ta fi ƙarfin tsawona, kuma ko da na kai, wa zai fizge tuta a gaban kumandan da gardawa a shekarun nan? Na sha gaya wa kaina haka. Amma akwai abin da ba ni da amsarsa. Taku uku ne tsakanina da ita. Da na hau na tsaya a ƙofar nan na baza rigata, da an rage gani. Ƙafata ta ƙi. Ko dokar Mushe ce ta riƙe ni, ko tsoron manya, ko tsoron abin da ya hau ta, har yau ban sani ba. Na tsaya riƙe da igiyar da ba ta da sauran amfani, ina kallo.

Ta yi tsalle ta faɗo zaune, ta yi magana da muryar da ba tata ba. Baƙi suka hau tafi, wani har da miƙewa. Mutanen gari kuwa tsit, sun gane ba wasa ba ne. Wata tsohuwa da ba ta san dokar kowa ba ta tuɓe takalmi ta hau dandamali ta ƙofar nan, ta riƙe mata ƙugu, ta yafa mata zanenta. An daɗe kafin ta yi atishawa iskar ta sauka. Na hango mai duba malamai, ɗan ƙasa ne, bai tafa ba.

Na sami tsohon yana mayar da gogensa jaka. Na nufe shi zan zage shi. Shi ya fara magana.

"Ɗana, ka gahwarta mini. Na biki niɗ ɗauko. Da nig ga huskar kakarta, hannu yaƙ ƙi ni."

Mushe bai gane abin da ya faru ba sai washegari. Ya zo rumfata ya zauna a kan benci kamar wanda aka yi wa mutuwa. Ya rubuta takarda, ya bi manya yana cewa laifinsa ne, bai yi amfani ba. Kafin hutu takarda ta zo cewa taubashiyata ba ta da lafiyar tsayawa gaban yara. Iskar kuma da ta sami hanya ba ta sake barin ta ba. Ta rame, ba ci ba barci, har kawu da kansa ya sunkuyar da kai ya ce a yi mata girka, wato a zaunar mata da doguwar yadda aka yi wa kaka.

Ana gobe za a tafi da ita ƙauye ta zo rumfata da hantsi, baƙin saƙi a naɗe a hammatarta. Ta ajiye a kan keken ɗinki. Na ɗauko magwaji zan auna ta, ta girgiza kai, ta miƙo mini 'yar takarda. Ta riga ta auna kanta ta rubuta, da kyakkyawan rubutun nan nata na allo, lamba bisa lamba a jere. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in dai gama kafin la'asar, ta juya ta tafi.

Lambobin na iya karantawa. Amma a ƙasansu akwai layi ɗaya da Faransanci, ni kuwa ban yi lakwal ba. Mushe yana nan, akawun gidan waya maƙwabcina ne, ko wanne zai karanta mini a numfashi ɗaya. Tsoro ya hana ni. In yafewa ce ban cancanta ba, in kuwa ba ita ba ce ba zan iya ɗauka ba. Na ninke takardar ta yadda lambobin kaɗai nake gani, na warware baƙin saƙin, na ɗinka wa malamar danginmu kayan bori ina share ido da gefen riga.