Littattafai Masu Rigar Siminti

Duk wanda ya zauna a Madadi a shekarun baya ya san Malam Uwaisu, mai keken nan da aka ɗaure wa sirdi da tsumma, mai jan biro a bayan kunne. Malamin gona ne a da. Yakan zaga ƙauyukan Gwarzo yana koya wa mutanen da aka haifa a tsakiyar gona yadda ake noma, su saurare shi da ladabi, su dama masa fura, in ya ba da baya su ci gaba da yadda suka gada. Da aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu, gwamnati ta ce kowa ya ɗaure cikinsa, sai ta fara da cikin Uwaisu. Aka sallame shi da takarda mai layi uku. Ya dawo gida da kekensa da adaka cike da ƙasidun ma'aikata, na feshin auduga, na adana wake, na zawon awaki.

Ya koma noman gonar ubansa, inda ya gano cewa abin da yake koya wa mutane ya fi sauƙin faɗa. Wata ranar kasuwa a Gwarzo, yana jiran a yi wa kekensa faci, idonsa ya faɗa kan wani ɗan littafi a shimfiɗar mai sayar da littattafai. A bangonsa an zana wani ƙato mai ƙirji kamar rumbu, ya ɗaga takobi kan tsuntsu mai kai uku. An rubuta *Rantsuwar Jalo, Littafi na Ɗaya*. Uwaisu ya saya don ya samu abin yi wa dariya. Kafin magariba ya gama shi, ranar kasuwa ta gaba kuwa shi ya riga mai littattafan isa.

Kada a ce ya zama mai karatu mai sauƙin kai. Da jan bironsa yake karatu, kamar yana duba rahoton ƙaramin ma'aikaci. Inda marubucin ya ce runduna dubu ɗari tara ta yi wata uku tana ratsa hamada, Uwaisu ya rubuta a gefe: "Dawakin me suka ci?" Inda aka yi yaƙin shekara arba'in ba hutu, ya rubuta: "Wa ya yi shuka?" Ya lura kowace gimbiya da ta bayyana sai an ce ta fi ta baya kyau sau dubu, ya ce to ta farkon nan yanzu ko kare ba zai kalle ta ba. Wanda ya fi ba shi haushi shi ne babban boka, mutumin da ya ɓoye ransa cikin ƙwai, ƙwan cikin tsuntsu, tsuntsun cikin kogo a bayan teku bakwai, sannan ya zauna ya zayyana wa matarsa duka. Uwaisu ya ce wannan ba boka ba ne, sakarai ne mai rawani.

Amma yana son Jalo, so na gaskiya, kuma ba ya ɓoyewa. Ya ce a duk jaruman da ya karanta, shi kaɗai ne cikinsa ke ɗurar ruwa kafin yaƙi, shi kaɗai ne ke sauka ya duba kofaton dokinsa. Mutumin da ke duba kofato, in ji shi, ana iya yafe masa tsuntsu mai kai uku.

Kowane littafi ya saya sai ya yi masa riga da takardar buhun siminti, ya rubuta lambarsa a kai. Bayan la'asar yakan karanta wa majalisa a gindin darbejiyar Ɗanmalam wanzami, yana karatu yana tsayawa yana zagin marubucin, har jama'a su ce, "Malam, bar yaron nan haka, ci gaba!" Sai dai kafin majalisa ta ji, matarsa Uwaliya ce ke fara ji da hantsi, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. 'Yar malamai ce daga Durun, ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, amma rubutun boko a wurinta sawun kaji ne. Ita da 'yarsu ɗaya tilo, Kamila, su ne majalisar safe.

Littafi na tara ya ƙare an jefa Jalo cikin rijiya mai gaba saba'in, an danne bakinta da dutse. Na goma bai zo ba. Uwaisu ya yi ta zarya Gwarzo har mai littattafan ya gaji, ya gaya masa gaskiya: takarda ta yi tsada, marubucin ya ajiye alƙalami ya koma sayar da atamfa a Kano. A bazarar shekarar nan sanƙarau ya shigo gari, ya ɗauke Kamila cikin kwana biyu, tana da shekara goma sha biyu.

Uwaliya ta daina magana. Tana sallah, tana tuƙa tuwo ta ajiye, sannan ta zauna ta zuba wa bango ido. Ranar da aka yi arba'in aka watse, Uwaisu na zaune kusa da ita, sai ya ji muryarta a dishe.

"Malam, yaron nan ya fito daga rijiyar kuwa?"

Uwaisu mutum ne da ake kira shaidar iyakar gona, don an san ko ɗan'uwansa ba ya yi wa kara. Ya buɗe baki zai ce littafin bai zo ba, sai ya ji kansa yana cewa, "Ya fito. Na goman jiya ya iso." Ya shiga ɗaki, ya zaro ƙasidar zawon awaki daga adaka, ya yi mata rigar siminti, ya rubuta goma a kai. Ya fito ya buɗe ta a gabanta, ya fitar da Jalo daga rijiya da igiyar da ya tufka da rawaninsa. A ranar Uwaliya ta ci abinci.

Daga nan kuma ina mafita? Majalisa ta ji labari ta ce ita ma a karanta mata. Na goma ya haifi na sha ɗaya, aka yi ta tafiya har ashirin da uku, ƙasidun adaka suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Jalo ya canza hali. Da ruwan farko ya sauka sai ya sallami runduna kowa ya je ya yi shuka. Ya ci wani birni ba da takobi ba, jira ya yi gunda ta cinye musu rumbuna. Ya tsinci wata yarinya marainiya a bakin kogi, Ladidi, wadda ba ta shan miyar kuka, take tafiya da takalmanta a hannu, ya riƙe ta 'ya. Jama'a suka ce ai kuwa marubucin ya yi hankali. Uwaisu yakan yi tsaki ya ce da sauransa, har ya ciro jan biro ya ja layi a ƙarƙashin bayanin maganin tsutsa. A ransa kuwa tsoro ne fal. Ba dariyar gari ce ta fi damunsa ba. Tsoronsa kada Uwaliya ta gano cewa Jalo bai taɓa fitowa ba, ta koma kallon bango.

Shekara biyar ana haka, sai Shari'a ta zo. Gari ya ɗauki zafi, gemu ya yi daraja, har waɗanda ba a taɓa gani a sahun asuba ba suka fara gyara wa mutane tsayuwa. Aka kafa kwamitin gyaran tarbiyya, aka ba Malam Zainulabidin shugabanci, ƙanin Uwaliya uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke koyarwa a Islamiyya. Mutumin kirki ne, illarsa ɗaya, bai taɓa jin abin dariya ya gane shi a ranar ba. Aka kai masa ƙara cewa a gindin darbejiya ana karanta tsafi da batsa, har a littafi na sha huɗu sarauniyar aljanu ta yi wanka a kogi. Gaskiya ne ta yi. Uwaisu ne ya sa ta, don ya ga Ɗanmalam na gyangyaɗi, kuma idon sawunta kawai aka gani.

Zainulabidin ya zo har zaure. Ya gaida mijin yayar tasa, ya tambayi gona, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafar da ke ciwo, ya sake tambayar gona, sannan ya sunkuyar da kai.

"Yaya, kwamiti ya yanke a tara littattafan nan a ƙona ranar Asabar. Na ce ni zan zo da kaina, kada a turo maka wani."

Ya shirya wa faɗa, sai ya ga fuskar Uwaisu na washewa. Littattafai tara na farko za su yi masa ciwo, Uwaisu ya sani. Amma wuta za ta cinye goma zuwa ashirin da uku ba tare da kowa ya buɗe su ba, ya fita da mutuncinsa, har a tausaya masa.

"Zainu, ai gyara ne. Ni zan kawo su da kaina."

Ranar Asabar da hantsi ya ɗauro su a bayan keke ya kai filin Islamiyya. Gari ya taru. Aka zuba su a ƙasa tare da 'yan littattafan soyayya da aka ƙwato daga ɗakunan amare, aka kawo kananzir. Har an ɗaga galan, sai Bappa ladan, tsohon da ba ya gani sosai amma ba abin da ke wuce shi, ya ɗaga sanda.

"Ku dakata. Yaran nan masu rubutu, duk shirmensu da Bismilla suke farawa, su yi salati. Sunan Allah za ku haɗa da aljana mai wanka ku cinna wa wuta? A yanke shafin farko tukuna."

Kowa ya ce haka ne. Uwaisu ya ce shi zai yanke, aka ce haba, ya huta, ya yi mai wuyar. Zainulabidin ya ari askar Ɗanmalam ya durƙusa. Na ɗaya, ya buɗe ya yanke ya ajiye kan tabarma. Na biyu, na uku, har na tara. Zainulabidin ya buɗe na goma, akuya ta kalle shi daga shafin farko.

Ya juya shafi. Ya ɗauki na sha huɗu, wanda aka kawo ƙara a kansa, ya gyara murya ya karanta da ƙarfi, don shi mutum ne mai adalci: "Yadda ake adana wake da toka." Ya duba har ƙarshe yana neman kogin, bai samu ko randa ba.

Uwaisu ya cire biron daga kunnensa, ya ce, "Daga tara marubucin ya tsaya. Sauran ni ne."

Ɗanmalam ne ya fara samun baki. "Wato kukan da na yi ranar da dokin Jalo ya mutu, a gaban 'ya'yana, a kan zawon akuya na yi shi?"

"A kan feshin auduga ka yi," in ji Uwaisu, don ko a nan bai iya barin kuskure ya wuce ba.

Dariya ta ɓarke, har da masu gemu. Zainulabidin kaɗai bai yi ba. Ya yi shawara da kwamiti, ya miƙe ya ba da hukunci: tara na farko a ƙona, ƙasidun kuwa ilimi ne mai amfani, a ajiye su a Islamiyya. "Sauran ɓarnar a kanka take, Yaya, kuma ba a ba kwamiti izinin ƙona kai ba." Aka sake kwashewa, shi yana mamakin me ya faɗa.

Uwaisu bai tsaya ganin hayaƙi ba. Ya turo kekensa a ƙasa, bai hau ba, don kada ya isa da wuri. Ya san labari ya riga shi, a Madadi labari ba ya jiran keke. Ya yi sallama ya shiga, ya tarar da Uwaliya a inda take zama, gyaɗa a gabanta. Ya jingine keken, ya tsaya kamar baƙo.

"Kin ji?"

"Na ji."

"Jalo bai fito ba, Uwaliya. Yana cikin rijiyar. Ƙarya na yi miki, shekara biyar."

Ta ɓare gyaɗa biyu kafin ta amsa. "Malam, mutumin da ya fito daga rijiya mai gaba saba'in, abin da ya fara yi shi ne ƙorafin taki bai iso kan lokaci ba. Ni da na shekara ashirin ina jin wannan ƙorafin, ka ɗauka ban gane muryar ba?"

Uwaisu ya nemi turmi ya zauna a kai.

"Kuma yarinyar nan da ya tsinta," ta ce, ba ta ɗago ba, "mai ƙin miyar kuka, mai yawo da takalmi a hannu. Wane mai atamfa ne a Kano ya san ta?"

Hawaye ya zubo masa, bai share ba.

"Bana shekararta sha bakwai," in ji Uwaliya. "Jiya ka bar ta a ƙofar birni da tulu a ka, rana na dukanta. Ka shigar min da ita."

"Ai babu littafi. Sun karɓe duka."

Ta kaɗe ɓawon gyaɗa daga faifan da ke gefenta, ta miƙa masa.

"Riƙe wannan, tunda ba ka iya ƙarya hannu wofi ba."

Ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe shi a gaban fuskarsa, ya gyara murya. Ladidi ta sauke tulun, ta ɗauki takalmanta a hannu, ta shiga gari.